Wai sanyin Jos ne ya cinye masa tumbi?

Bakano a Jos: Salamu alaikum jama'a. Tun jiya da na sa hoton nan kuke ta yi min tsiya wai yunwa nake sha a Filato. To ku saurara. A watan Janairu, lokacin da aka yi min canjin wurin aiki daga Kano, na hau sikeli ya nuna kilo 96. Jiya na sake hawa, 88. Wata takwas, kilo takwas. Ban sha magani ba, ban shiga gidan motsa jiki ba, ban yi wa bakina takunkumi ba. Garin kawai na canza. Jos tana bisa tudu, wajen mita 1,200 sama da teku, Kano kuwa ba ta kai 500 ba. Sanyi da tudu ne suka ƙone kitsen. Duk mai tumbi a cikinku ya nemi canji zuwa nan, magana ta ƙare.

Ɗan Sakkwato: Mi kake faɗi haka, mutumina? Sanyi ai shi ka sa ci. Da ɗari mutum sai ya tashi da malmala uku bai ji ba. In narkar da kitse kake so, taho Sakkwato cikin Afrilu, rana ta wuce digiri 42, ka tsaya tasha awa guda ka ga yadda kitse ka zuba ta goshi. Ka taɓa ganin man shanu ya narke cikin randa? Cikin rana yake narkewa.

Anti Nas: Alhaji, abin da ke zuba ta goshin nan ruwa ne da ɗan gishiri, babu kitse a ciki. Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya. Ka yi zufar lita ɗaya, sikeli zai sauka da kilo ɗaya, ka shanye ledar fiya wata biyu, kilon ya dawo kafin la'asar. Muna ganinsu a asibiti cikin bazara, a kawo mutum ya bushe, baki ya kafe, fitsari ya yi ja, a ɗaura masa ruwa leda biyu ya tashi da nauyinsa na jiya. Kuma in zafi ne ke narkar da ƙiba, me za ka ce da Kuwait da Katar da Saudiyya? Sun fi Sakkwato zafi da rani, kuma suna cikin ƙasashen da ƙiba ta fi yawa a duniya. Kai da kake zuwa Umara duk shekara ai ka gani da idonka.

Ɗan Sakkwato: Su ai cikin na'urar sanyaya ɗaki suke kwana, cikinta suke wuni. Zafin bai taɓa su.

Anti Nas: Yawwa. Ashe dai maganar ta koma kan yadda mutum yake zaune a garin.

Malam Mai Ritaya: Ku dakata, 'ya'yana, kada a watsar da maganar ɗan Jos gaba ɗaya, akwai ƙamshin gaskiya a cikinta. Idan mutum ya hau tudu sosai, iska takan yi sauƙi, oksijin ɗin da ke shiga huhu a kowane numfashi ya ragu. Ɗaya daga cikin abubuwan da jiki yake yi shi ne ya rage sha'awar abinci. A wani bincike da aka wallafa a 2010, an kai maza 20 masu ƙiba wani masauki a kan dutsen Zugspitze na Jamus, mita 2,650, suka yi mako guda, ba a hana su cin komai ba, ba a sa su motsa jiki ba. Suka sauko sun rage wajen kilo ɗaya da rabi kowannensu, galibi saboda cin nasu ne ya ragu da kansa. A Amurka ma an lura cewa mazauna wurare masu tudu, irin jihar Kolorado, ba su kai na gangare ƙiba ba. Sanyi shi ma yana da nasa: akwai wani irin kitse mai ruwan ƙasa a wuya da kafaɗa wanda aikinsa ƙona abinci don ɗumama jiki, kuma a 2009 aka tabbatar manya ma suna da shi, ba jarirai kaɗai ba.

Amma fa ka duba lambobin, ɗana. Mita 2,650 ya ninka tsayin Jos fiye da sau biyu. La Paz ta Bolibiya tana wajen 3,600, Addis Ababa ta haura 2,300. Tsakanin Kano da Jos bambancin nauyin iska bai kai kashi 10 cikin 100 ba, jiki yana sabawa da shi cikin kwanaki. Shi kuma kitsen ɗumama jikin, sai sanyi ya taɓa fata yake aiki. Kai da na sani, rigar sanyi biyu da hular kunne da bargo, ta ina sanyin zai same ka?

Bakano a Jos: Malam, Allah ya ƙara lafiya, amma sikeli ba ya ƙarya. Kilo takwas ɗin ina suka tafi?

Malam Mai Ritaya: Ta hanci suka fita, yawancinsu. Kitse in ya ƙone, mafi yawansa iskar da kake fitarwa yake zama, ragowar ya zama ruwa. Wannan na koya muku a aji huɗu kuna gyangyaɗi. Tambayar ita ce me ya sa ya ƙone.

Bafulatanin Gembu: Ni dai da na ji ana kurin tudu sai dariya ta kama ni. Malam ɗan Jos, mu nan Mambila muna kallonku a ƙasa. Tudun Mambila ya haura mita 1,500, ga Chappal Waddi can a gefenmu, 2,419, babu dutsen da ya kai shi a Najeriya. Da damina sai a wuni ba a ga rana ba. In maganarka gaskiya ce, da babu mai tumbi ko ɗaya a garin nan. To ka zo kasuwa ka ga masu shaguna da dillalan shanu, wani sai ya yi nishi kafin ya ɗaura igiyar takalmi. Masu bin shanu kan tsaunuka da masu tsinkar ganyen shayi a Kakara, su ne kamar sanda. Iska ɗaya suke shaƙa.

Babarbare: Bafulatani ko a cikin tukunyar man shanu aka haife shi ba zai yi ƙiba ba, don haka a cire shaidarka. Bawana, ka yi shiru manya na magana.

Bafulatanin Gembu: Ubangidanka dai. Ka zo Jalingo ko Yola ka ga Fulanin da suka ajiye sanda suka hau kujerar ofis, za ka rantse Barebari ne.

Hajiya Mai Atamfa: Ni duk kun ba ni haushi. Tun ɗazu ana ta tudu da gangare, babu wanda ya tambayi wa ya ce ma ramar abin so ce a wurinmu. Alhaji, ka je gida Kano da wannan wuyan naka, ka ga in Inna ba ta ja ka ɗaki ta tambaye ka me ke damunka ba. Ciwon suga ne? Bashi ne? Ko sammu? Mu nan in mace ta yi wata uku a gidan miji ba ta ciko ba, dangi sai su fara ƙus-ƙus wai ba ya ba ta abinci. In ta yi ɓul-ɓul a ce ta samu gidan hutu. Namiji kuwa tumbi ne shaidar kuɗi sun zauna, har da babbar riga ta fi yi masa kyau. A shagona a Kwari, mace ta zo sayen atamfa sai ƙawarta ta ce mata “wannan zanen sai mai jiki”. Ga jego: kwana arba'in ana ɗura wa mace kunun kanwa da gasasshen nama da ƙauri, ba ta ɗaga ko tsinke. Haihuwa shida, jego shida. Wane sanyi ne zai ƙone wannan?

Anti Nas: Hajiya kin taɓo inda ke min ƙaiƙayi. 'Yan mata da amare suna shan ƙwayoyin nan da ake kira sha-ka-fashe. Akasari ɗayan biyu ne: maganin ƙaiƙayi da mura mai buɗe ciki da sa barci, ko kuma dexamethasone, wanda likita ke bayarwa da lissafi don asma da kumburi. Shi na biyun fuska yake kumburawa ta yi kamar faranti, ciki ya fito, ƙafafu su sirance, fata ta tsattsage. Yana tayar da suga da hawan jini, yana cin ƙashi, kuma wadda ta daɗe tana sha in ta yanke shi rana ɗaya tana iya faɗuwa, sai an janye shi a hankali a asibiti. Yarinya 'yar shekara 22 da hawan jini, in ka bincika sai ka tarar gyaran jikin biki ne.

Hajiya Mai Atamfa: To ai ku gaya wa mazan. Su ne za su ce suna son mai cika ido, in ta cika kuma su ce ta yi musu yawa.

Ɗan Maraɗi: Gaisuwa ga Malam da sauran manya. A nan Nijar ma haka abin yake, wajen Zabarmawa har da bikin hangandi, inda mata ke ƙoƙarin cika jiki a yaba wadda ta fi. A Muritaniya kuwa ɗura ake yi wa yarinya da nonon raƙumi kafin aure. Sai dai ina so in tuna muku wani abu. Ku kuna maganar rage ƙiba, a ƙauyukanmu yanayi ne ke yanka wa mutum nauyinsa ko yana so ko ba ya so. Daga Yuli zuwa Agusta rumbu ya yi ƙasa, ga noma ya kankama, ga zazzaɓin sauro. Manomi yakan zube a lokacin nan. Kaka ta yi, sabon gero ya shigo, wake da gyaɗa, sai ka ga kumatu sun dawo. To wannan shi ne yanayi ya taɓa nauyin mutum da gaske, amma ta hanyar rumbu da fartanya ya biyo.

Malam Mai Ritaya: Ka yi gaskiya. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 28 cikin 100 na matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce ƙima, kuma na birni sun fi na ƙauye nesa. A wannan binciken dai, fiye da rabin yaran Arewa maso Yamma 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure saboda ƙarancin abinci. Rana ɗaya ke dukan birnin da ƙauyen. Iyayenmu mata da daka da surfe da niƙa a dutse da jan guga suka tsufa. Yanzu inji ke niƙa, ɗan garuwa ke kawo ruwa, Adaidaita Sahu ke kai mutum bakin layi.

Ɗan Sakkwato: To ni na janye maganar narkewa, amma ban yarda a ce gari bai da hannu ba. Wa zai taka da ƙafa ƙarfe biyu na rana a Sakkwato? Ko kare inuwa yake nema. Zafi shi ka hana tafiya, shi ka sa ka sha lemo mai sanyi uku kafin magariba, da dare ka kasa barci sai ka tashi neman shayi da burodi. A Jos mutum na iya tafiya da azahar bai jiƙe ba. Kenan ɗan Jos bai yi ƙarya ba, hanyar ce bai gane ba.

Hajiya Mai Atamfa: Ku maza kuna da zaɓi ma. Ni in na sa takalmin gudu na fita zagaye unguwa da asuba, kafin hantsi labari ya kai gidan surukaina.

Anti Nas: Bari mu yi lissafi. Kilo ɗaya na kitse wajen kalori 7,700 ne, kalori kuwa shi ne ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki. Kilo takwas cikin wata takwas bai wuce ragin kalori 250 da 'yan kai a rana ba. Robar Coca-Cola ta 50cl ɗaya tana da sukari gram 53, kalori 210, ta ma haura gram 50 ɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce a wuni. Tafiyar rabin awa ga mai nauyinka ta kai kalori 150. Yanzu ka amsa min tsakaninka da Allah, Alhaji. Lemo nawa kake sha a Kano, nawa kake sha yanzu? Ina motarka? Kuma wa yake dafa maka?

Bakano a Jos: Lemo kam a Kano biyu ne ko uku, saboda zafi. Nan ba ya shiga raina, sai shayi.

Anti Nas: Motar fa?

Bakano a Jos: Na bar wa uwargida saboda kai yara makaranta. Ofis ba nisa, minti 25 ne a ƙafa, sai dai akwai ɗan hawa.

Babarbare: Au, uwargida tana Kano? Jama'a a tashi, an gama shari'a.

Bakano a Jos: Ba a gama ba. Ina ci sosai. Da rana gwaten acca wajen wata mata kusa da ofis, da kabeji da karas, da dare in dafa dankalin Bokkos in sa ɗan yaji.

Hajiya Mai Atamfa: Allah sarki. Mutumin da aka saba ajiye wa tuwon shinkafa malmala uku da miyar taushe mai na yawo a kai, da safe waina da kunun gyaɗa, da daddare a aiko yaro da tsire. Wallahi ba sanyi ba ne, gwaurantaka ce.

Bakano a Jos: Duk da haka ni ban sauka ba. Acca da dankalin da kabejin ai sanyin ne ya sa suke yi a nan. Tafiyar ma sanyin ne ya bari nake yi. Ku kira shi duk abin da kuka ga dama, Jos ce ta yi aikin.

Bafulatanin Gembu: To a gwada mana. Iyali su tare a Jos, mota ta dawo, tukunya ta dawo. Tudun yana nan, sanyin yana nan. Bayan wata shida ka hau sikeli ka turo hoto.

Ɗan Sakkwato: Na sa rago in bai koma 95 ba.

Bakano a Jos: Sai ƙarshen zangon karatu za su taso, cikin Disamba. Ka fara kiwon ragon tun yanzu.

Hajiya Mai Atamfa: Bari in kira ta in ce ta taho da man gyaɗa jarka guda, na Jos tsada gare shi.