Waɗanda suka taɓa zama cikin jirgin ruwa, ya kuka yi da zuwan iyali?

Baban Sadik:
Assalamu alaikum jama'a. Ina aikin girki a jirgin kwanan ma'aikata a wajen Bonny, jihar Ribas, can muke ci can muke kwana sai an ba mutum hutu. To uwargida ta dage wannan hutun makarantar sai ta kawo yara daga Gusau sun ga inda babansu yake zaune, kuma wallahi nima ina so, sai dai ƙaramin bai wuce shekara huɗu ba. Wanda ya taɓa irin wannan zaman dan Allah ya faɗa mana yadda ya yi.

Alhaji na Fatakwal:
Wa alaikumus salam. Na yi gadi a irin wannan jirgin. Da farko ka tambayi masu jirgin, da yawa ba sa yarda baƙo ya kwana, ni nawa masauki na kama musu a gari da safe na kai su suka wuni. Kuma kar ka bari a sa su a ƙaramin jirgi mai inji sai kowa ya ɗaura rigar kariya daidai jikinsa, ta manya in aka sa wa yaro yana faɗawa ruwa za ta zame ta kansa. Tafiyar dare kuwa kar ma a fara.
Abin da ya fi ba mai ɗakina mamaki shi ne alƙibla. Ruwan can yana cika yana janyewa sau biyu a rana, jirgin da ke kan anka sai ya juya da shi, inda ka kalla ka yi azahar ba nan za ka kalla da la'asar ba, kullum sai an duba waya kafin a shimfiɗa darduma.

Maman Ummi:
Ni ma an taɓa kai ni irin wannan ziyarar, bari in faɗi ta ɓangaren mata. Jiri da tashin zuciya ne suka fara kama ni, wani dattijo a jirgin ya ce in fito waje in riƙa kallon nesa in tauna citta, kuma ta yi min amfani sosai. Yara kam ko a jikinsu. Da ruwa ya janye sai ga taɓo a gindin itatuwan nan masu saiwa a waje, ƙananan kifaye masu ido a saman kai suna tsalle a kan taɓon suna ja da fiffikensu, ga ƙaguwa mai hannu ɗaya ƙato tana ɗaga shi sama, 'yata ta tsuguna a bakin ƙarfen jirgi ina riƙe da rigarta ta ƙi tashi har ruwan ya dawo ya rufe su. Ku tafi da gidan sauro, sannan akwai wasu mitsi-mitsin ƙudaje masu cizo da yamma, dogon hannu za ku sa wa yaran.

Ɗan Zongo:
Mu a Gana na bi jirgin masu su a wajen Ada, inda kogin Volta ya shiga teku. Dolfin, wasu manyan halittun teku masu kama da kifi, suna bin gaban jirgi su fito su nutse, wajen ƙarshen shekara kuma manyan kunkurun teku na fitowa da dare su haƙa rami su yi ƙwai a yashi. Na kai ƙanina ya gani, masu kula da wurin suka hana kunna tocila don haske na firgita uwar ta koma ruwa ba ta yi ƙwan ba. Don Allah kar a saya wa yara ƙwan ko naman in an kawo talla, halittar nan ƙarewa take yi, haka ma ayu da mutanenmu ke nema saboda mansa.

Alhaji na Fatakwal:
Na manta, tunda Bonny kake ka kai su gandun dajin Finima, akwai ƙasusuwan ƙaton kifin nan wel da aka ajiye, ga birai a kan itatuwa.

Baban Sadik:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Gobe in sha Allah zan yi wa shugabanmu magana. Maman Ummi dan Allah rigar kariya ta yara a Fatakwal kuka saya ko masu jirgin ne suka bayar?