Afendis a cikin dokar kullen korona a Kano, 2020: aiki ko allura?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ƙanena ne, shekararsa 19. Shekaranjiya bayan shan ruwa ciwo ya kama shi a cibiya, kafin asuba ya gangara ƙasan ciki ta dama, ga amai. An yi hoto, likita ya ce afendis ne amma bai fashe ba. Ya ce saboda korona sun rage shiga tiyata, a kwantar da shi a bi shi da alluran kashe ƙwayoyin cuta da ƙarin ruwa a gani. Wani asibitin kuɗi kuma ya ce mu kawo shi gobe a yi aiki. Don Allah wanda ya taɓa bin hanyar allurar, ana warkewa?

Ɗan Kurmi: Hajiya olsa ce, azumi ne ya tayar da ita. A ba shi zuma da madara.

Maman Ilham: Malam, an yi hoto fa.

Baban Sadik: 'Yar'uwa, kada ki kwana da shi. Makon da aka rufe Kano, 16 ga Afrilu, yarona ya fara irin wannan. Mai kemis ya ce taifot ne. Lokacin kowa tsoron asibiti yake, ana cewa duk mai zazzaɓi killace shi za a yi. Da cikin ya kumbura ya yi tauri muka fita da shi cikin dare. Asibitin farko suna jin zazzaɓi suka ce ba su da kayan kariya, ko ƙofa ba a buɗe mana ba. Na gaba ma haka. Inda suka karɓe mu, likita ya ce ya riga ya fashe, mugunya ta cika cikin. Tun daga saman cibiya aka tsaga shi, har yau ɗinkin yana ruwa. Yaro ɗan shekara 11, wanda ko tari bai yi ba. Ban yafe ba.

Hajiya Babba: Innalillahi. Allah Ya ba shi lafiya. Nawa suka caje ku?

Baban Sadik: Mun wuce dubu 200, ban da magani.

Ɗan Kurmi: Kai! Bara dubu 45 aka yi wa maƙwabcina.

Uwar Biyu: A ina? Mu dubu 120 aka ce, kuma sai an biya kafin a taɓa mara lafiya.

Nas Mai Dare: Ku bari a amsa mata. Allurar ba yaudara ba ce. A Finlan an gwada ta a kan manya waɗanda nasu bai fashe ba: kusan 27 cikin 100 sai da aka yi musu aiki a cikin shekara ɗaya, a shekara biyar suka kai 39. Ko a Ingila, tun Maris ƙungiyoyin likitocin tiyata suka ba da shawarar a duba wannan hanya saboda korona. Amma can da hoton CT, wanda ke nuna cikin jiki dalla-dalla, ake tabbatarwa, kuma ɗakin tiyata a shirye yake. Yaya, ki tambayi likitan abu ɗaya: idan ciwon ya ƙaru da tsakar dare, akwai mai yin aikin a nan take? In babu, ku tafi inda za a yi.

Baban Sadik: Ku ne kuka rufe mana ƙofa, yanzu kuma ku ne masu shawara?

Nas Mai Dare: Baba, ban ga laifinka ba. Amma abokan aikinmu nawa suka kamu? Takunkumi ma da kuɗinmu muke saya.

Uwar Biyu: Ni dai maganar wanda ya gani a ɗansa na fi ɗauka a kan ta Turawa.

Auta: Ɗan Kurmi, in an cire afendis ɗin a ba ka ka jiƙa shi da zuma.

Hajiya Babba: Auta, ana maganar rai kana wasa?

Maman Ilham: Nas, na kira likitan bai ɗauka ba. In ma za mu canja asibiti, gobe Laraba, ba ranar fita ba ce. Sai Litinin da Alhamis, 10 zuwa 4.

Uwar Biyu: Ki riƙe katin asibiti da takardar hoton, ki nuna a shinge.

Ɗan Kurmi: Wane kati? Matar ƙanena tana naƙuda muka nuna kati, sai da mai Adaidaita ya miƙa ɗari biyar aka ɗage katako. Motocin manya kuwa wucewa suke ko tsayawa babu.

Hajiya Babba: Ga tallafin abincin da ake ta faɗa a rediyo. A unguwarku akwai wanda ya ga ko mudu ɗaya?