Na masu shan jini ko na Sikotlan, da wanne za a fara?

Maman Ilham, Gwammaja: Salamu alaikum. Wadda ta saba da littattafan soyayyarmu na Kano, tana son gwada na Turanci, da wanne za ta fara, na masu shan jini ko na Sikotlan?

Malam Sagir: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ta fara da na Sikotlan, don duniyarsu ba baƙuwa ba ce: dangi, shugaban dangi, auren dole, gaba tsakanin gidaje. Amma ta riƙe shekaru biyu, boren da aka yi wa sarkin Birtaniya a 1745 da yaƙin Culloden na 1746, inda sojan gwamnati suka murƙushe mutanen tsaunukan Sikotlan, aka hana su sa suturarsu ta gado har 1782. In ba ta san wannan ba, ƙuncin jarumin ba zai taɓa ta ba. Karin Turancin Sikotlan ne ke sare gwiwa: "ken" sani ne, "lass" budurwa, "aye" e.

Anti Bilki: Masu shan jinin nan fa ba mayu ba ne. Maye kurwa yake kamawa, su kuwa matattu ne da ba sa tsufa. Kowace marubuciya da dokarta kan ko hasken rana da tafarnuwa suna cutar da su, shi ya sa wadda ta faro daga littafi na uku na jerin labarin take rikicewa. Ki duba bango tukuna, Maman Ilham, na manya akwai batsa ƙwarai.