Ranar Sallah: in rufe shago ko in bar yaro ɗaya ya riƙe?

Mai Shago Agege:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, ga Babbar Sallah ta ƙarato. Ina da shagon kayan masarufi a Agege, nan Legas, ta wajen Pen Cinema: shinkafa, man gyaɗa, tumatirin gwangwani, magi, lemo da ruwan leda, ga firiza biyu. Yara biyu ke hannuna, ɗaya ɗan Katsina, ɗayan Kirista ne ɗan Kudancin Kaduna. Bana ba za ni gida ba, iyalina suna nan tare da ni, saboda haka babu maganar tafiya. Masu sayayyata yawanci Yarbawa ne, kuma ranar Sallah mata na kan girki har la'asar, abu ya yanke a aiko yaro da gudu. Bara na rufe kwana biyu, maƙwabcina ya buɗe ya kwashe cinikin, wasu kwastomomin har gobe can suke zuwa. To in rufe gaba ɗaya, ko in bar yaron nan Kirista ya riƙe da safe, mu karɓe shi bayan azahar? In zai tsaya, nawa ya kamata in ƙara masa? Albashinsu dubu 45 kowannensu, da abinci da wurin kwana.

Ɗan Fagge:
Wa alaikumus salam. Alhaji ka rufe ka taho gida ka yi Sallah da tsofaffi. Kuɗi ba ya ƙarewa, iyaye kuwa ba kullum za ka same su ba.

Mai Shago Agege:
Malam, na ce iyalina suna nan. Iyayena kuma Allah ya yi musu rasuwa tun da daɗewa.

Ɗan Fagge:
Allah ya jiƙansu da rahama. Amma dai ka rufe.

Mai Albasa Mile 12:
Mu a Mile 12 ba mu san wani abu wai shi hutun gwamnati ba. Motar tumatir da ta taso daga Kano ko Jos ba ruwanta da kalanda, in ta iso dole a sauke ko kaya ya ruɓe. Mu je idi, mu yi yanka, mu dawo. Cinikin gaske dai jajibiri ne da kwana biyu kafin shi, ranar Sallar kanta tsintar ƙwaya ce. Ni yaron da ya tsaya min dubu 3 nake ba shi da nama.

Hajiya Obalende:
Dubu 3 a Legas ɗin yau? Haba Alhaji, ka ji tsoron Allah. Kuɗin mota kaɗai daga Ketu zuwa nan da komawa ya cinye fiye da rabi. Ni 'yan matan da ke taya ni sayar da abinci dubu 8 na ba kowace a Ƙaramar Sallah, ban da atamfa.

Mai Albasa Mile 12:
Hajiya yarona a kasuwa yake kwana, wace mota zai hau?

Sarkin Shayi:
Ni ban taɓa rufewa ba. Ranar Sallah ma ta fi ciniki, duk wanda nama ya ƙware shi teburina yake zuwa neman shayi mai citta.

Baba Maigadi:
Ku bari in ba ku labarin wanda ake bari ya tsaya, tunda duk masu shago ne ke magana. Na yi gadi a wani babban kanti a Lekki, amma ba kantin ne ya ɗauke ni ba, kamfanin gadi ne ya kai ni. Kantin nan ba ya rufewa, Sallah, Kirsimeti, Ista, 1 ga Oktoba, duk ɗaya ne, ranakun ma sun fi cika. Da Disamba ta zo, abokan aikina Kiristoci suka ce Baba ka riƙe mana, in Sallarku ta zo mu riƙe maka. Na ce ba komai. Na yi 25, na yi 26, na yi 1 ga Janairu, dare da rana, ina kwana a kan kwali bayan janareta. Da Sallah ta zo, biyu daga cikinsu an riga an canza musu wuri, sababbin suka ce su ba su yi alkawari da kowa ba. Na je wurin shugabanmu, ya ce jadawali ya riga ya fita, wanda bai zo ba a bakin aikinsa. Manajan kantin ya dafa min kafaɗa ya ce kar in damu, za a ninka min kuɗin ranar.

Ranar ina tsaye a ƙofa cikin kaki, ina duba rasit ina buɗe wa motoci, mutane na shigowa da manyan riguna suna ce min barka da Sallah. Idi ban samu ba. Abin da na gani shi ne robar shinkafa ɗaya da kwalbar lemo da ƙarfe uku. 'Yata a Idi-Araba ta sa sabon kayanta tun safe tana jiran in kai ta yawon Sallah, na shigo sha ɗayan dare na tarar ta yi barci da takalmin a ƙafarta. Ƙarshen wata albashi ya shigo, ko kwabo bai ƙaru ba. Kanti suka ce sun biya kamfani, kamfani suka ce ba a ba su komai ba. Da na matsa, sai aka ce in huta a gida za a kira ni. Har yau ana kira na.

Hajiya Obalende:
Innalillahi. Baba Allah ya saka maka.

Ɗan Fagge:
Kun gani ko? Abin da nake faɗa ke nan. A rufe kawai kowa ya huta.

Baba Maigadi:
Ko an rufe, ɗana, maigadi ba ya tafiya. Ranar da aka rufe ma ita ce aka fi buƙatarsa.

Ɗan Ƙwadago:
Baba sannu. Ga abin da ya kamata a sani. Ranakun hutu Gwamnatin Tarayya ke ayyana su ta bakin Ministan Harkokin Cikin Gida, amma wannan sanarwa ba umarni ba ce ga mai shago ya sa kwaɗo. Bankuna da ofisoshin gwamnati su ke rufewa. Batun ninka kuɗi kuwa, Dokar Ƙwadago ta ce aikin da ya wuce sa'o'in da aka saba ƙarin lokaci ne, amma ba ta yanke nawa za a biya ba, an bar wa yarjejeniya tsakanin mai aiki da ma'aikaci. Shi ya sa alkawarin baki irin na manajan nan ba ya tsinana komai, a rubuta ko da a saƙon waya ne. Dokar ta kuma ba wanda ya cika wata 12 yana aiki hutun aƙalla kwana 6 da albashinsa. Mafi ƙarancin albashi ya koma dubu 70 tun Yulin 2024, gwamnatin Legas ta sa wa nata ma'aikatan dubu 85 a shekarar, sai dai dokar mafi ƙarancin albashin ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Wato shagon Alhaji ba ya ciki.

Mai Albasa Mile 12:
Malam ka taɓa riƙe shago kuwa? Ka taɓa biyan haya a Legas? Duk wannan karatun a takarda yake. Yaron da na ɗauko daga ƙauyenmu, ni ne cinsa, ni ne asibitinsa, in ya yi hankali ni zan ba shi jari in sallame shi. Wace doka ce ta rubuta wannan?

Ɗan Ƙwadago:
Alhaji ban riƙe shago ba, amma na raka masu gadi da direbobi da yawa neman haƙƙinsu. Kuma ba duk ubangida ke sallamar yaro da jari ba, ka fi ni sani.

Ɗan Fagge:
A nan Kantin Kwari dai ranar Sallah ba ka ganin kowa.

Mai Albasa Mile 12:
Kai kana Kano kana yanke wa mutumin Agege hukunci. Can gari gaba ɗaya ke Sallah, nan rabin layi na Sallah rabi na neman magi.

Malamin Unguwa:
Don kar a rikita abu: ciniki ranar idi ba haramun ba ne. Abin da aka hana ranar shi ne azumi. Cinikin da aka ce a bari shi ne na ranar Juma'a idan an kira salla, ayar tana cikin Suratul Jumu'a. Amma kar a hana yaro Musulmi zuwa idi saboda shago, kuma a biya ɗan ƙwadago haƙƙinsa da wuri. Shi ma Kiristan haƙƙinsa haƙƙi ne.

Nas a Ikeja:
Mu a asibiti ba a ma tambaya, haihuwa da haɗari ba sa jiran a sauko daga idi. Abin da ke ceton mu shi ne musaya, amma a rubuce a jadawali da sa hannun shugabar sashe, don in an canza wa mutum wuri bashin ya hau kan sashen, kar a yi irin na Baba. Babbar Sallah ma da sauƙi, tun da aka ga watan Zulhajji an san ranarta. Ƙaramar ce mai rikici. A 2024 gwamnati ta ba da Talata da Laraba, 9 da 10 ga Afrilu, da ba a ga wata ba Sallah ta faɗa Laraba, aka ƙara Alhamis. Jadawalinmu ya wargaje, wadda ta ɗauki Talata ta zauna a gida da azumi a bakinta, ranar Sallah tana bakin aiki. Yaya mai shago, ka tambayi yaron kansa tukuna. Wataƙila ya fi son kwanaki a Disamba ya je Kafanchan ko ina ne garinsu, a kan kuɗi.

Sarkin Shayi:
Ka ba shi kan rago da ƙafafu, in ya ƙi ka turo min, ni zan riƙe maka shagon. Sai dai ban da lissafin madara.

Mai Waya Computer Village:
Ni maigidana Ibo ne. Daga wajen 23 ga Disamba yake kulle ya tafi ƙauye, sai Janairu. A kasuwar Alaba ma haka za ka ga layi guda a garƙame, kuma ba wanda ya talauce. Kwastoman da ya gudu saboda kwana biyu dama ba naka ba ne. Amma ranar Sallah ni nake roƙo, ya ce in je in dawo kafin sha biyu. Da na tsaya masa ranar Ista dubu 10 ya ba ni.

Mai Albasa Mile 12:
Waya daban, magi daban. Ribar waya ɗaya ta fi ta katan goma na magi. Dubu 10 a shagon kayan masarufi ai an cinye ribar ranar.

Hajiya Obalende:
In ribar ranar ba ta kai dubu 10 ba, to me ya kai shi buɗewa?

Mai Shago Agege:
Jama'a na gode, amma har yanzu tsakanin dubu 3 da dubu 10 nake. Ribar ranar takan fi haka in akwai wuta, don lemo mai sanyi da ƙanƙara su ke tafiya. In babu wuta, man janareta ya cinye. Yaron na tambaye shi, ya ce duk yadda na yi daidai ne, kun san yara ba sa faɗa a gaban ido.

Baba Maigadi:
Ni ma haka na ce wa manaja.

Mai Albasa Mile 12:
Ni abin da ya fi ci min rai ma ba Sallah ba ce. Duk Alhamis sai an kulle mana kasuwa har ƙarfe goma na safe saboda shara, kowane mako, shekara gaba ɗaya. Ka lissafa ka gani in bai ninka hutun Sallah da Kirsimeti a haɗe ba. Kuma mun biya kuɗin kwashe shara, ga bolar nan a bakin titi.

Sarkin Shayi:
Masu tikiti fa? Su ne kaɗai na sani da ba sa hutu a Legas. Ranar Sallah bara ina kafa tebur suka iso, suka karɓi na kullum, suka ce saura goron Sallah. Da Kirsimeti suka dawo, su ɗin dai, wai na Kirsimeti.

Mai Waya Computer Village:
Addini biyu gare su ke nan.

Hajiya Obalende:
Ni tikiti uku nake yanka a rana, kowanne da kalar takardarsa, kuma ba wanda ya san na ɗan'uwansa. In ka ce ka biya, a ɗauke maka kula.

Ɗan Ƙwadago:
Hajiya ki riƙa ajiye takardun. Akwai sunan ƙaramar hukuma a jiki, ko na ƙungiya ne?

Hajiya Obalende:
Ɗaya akwai hatimi, biyu kuwa lamba ce kawai da biro. Alhaji na Mile 12, ku nawa suke karɓa a kan buhu yanzu? An ce min an ƙara tun bayan azumi.