Baƙi na ƙaruwa a Kaduna, to wa ke cin riba, wa ke kwashe shara?

Ɗan Kabala:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Asabar ɗin da ta wuce yayata ta zo daga Abuja da yaranta uku, na je tashar jirgin ƙasa ta Rigasa na tarbe su. Babban ya dage sai ya ga gadar Lugard, wadda aka ciro daga Zungeru aka kafa a nan a 1954, sai muka nufi wurin shaƙatawa na Ƙofar Gamji, inda gadar take, bayan la'asar. Yara sun sha wasa. Amma da muka gangara bakin kogi, abin da na gani ya tsaya mini a rai. Ledojin fiya wata da robobin abinci sun yi dandazo a gindin ciyawa, ga wani yaro ba takalmi yana tsintar gorunan lemo cikin buhu. Autar ta ja rigata ta ce, "Kawu, a cikin wannan dattin kadojin suke zama?" Wallahi na rasa bakin magana.

Tun da jirgin ƙasa ya fara aiki a 2016 mutanen Abuja ke shigo mana ƙarshen mako, kuma ina murna da haka. Sai dai ni a Kabala nake, duk ledar da ta toshe kwata, mu za mu kwana kwarfar ruwa da damina. Ya za a yi baƙi su ci gaba da zuwa ba tare da an bar mu da kogin muna ɗaukar wahala ba?

Mai Keke Rigasa:
Wa alaikumus salam. Yallaɓai, ni da nake tasha kullum bari in faɗa maka, kuɗin baƙin nan ba ya sauka ƙasa. Mutum zai fito daga jirgi, mota mai sanyi na jiransa, sai otal, can zai ci can zai sha, Lahadi ya koma. Mai masa ba ta gan shi ba, tela bai gan shi ba. Idan na samu baƙo ya ce in zaga da shi, Kasuwar Barci nake fara kai shi, ya ga teloli da 'yan gwanjo, daga nan wajen mai tsire. Dubu biyar ɗin da ya kashe a can, gida biyar take shiga.

Maman Hanifa, Malali:
Ku kuna maganar shara, mu haya ce ta sa mu gaba. Gidan da ke jikin namu iyali huɗu ne a ciki, wasu sun fi shekara goma. Bara mai gidan ya ba su notis, ya yi fenti, ya zuba kujeru da talabijin, yanzu haya yake bayarwa ta kwana-kwana ga 'yan biki da masu zuwa taro. Maƙwabciyata da muke karɓar wa juna yara daga Islamiyya ta koma bayan gari, sai da ta canza wa yaran makaranta ana tsakiyar zango. Mu kuma ga janareta har asuba, ga baƙin fuska kowane mako, ba ka san wa za ka gaisar ba.

Wannan matsalar ce ta kai hukumar birnin Basalona a Sifen ta sanar a 2024 cewa zuwa 2028 za ta soke lasisin irin waɗannan gidaje. Mu ba mu kai can ba, amma da zafi-zafi ake dukan ƙarfe. A yi musu rajista, a ƙayyade yawansu a kowace unguwa.

Tsohon Malami:
Ɗana, ka yi haƙuri, mafi yawan ledar nan tamu ce. Baƙo nawa ke zuwa, mu kuma nawa ne ranar sallah? Ina saurayi na kalli babban hawan daba na FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya, a garin nan a 1977, na ga baƙi daga ƙasashe daban-daban, kuma mu 'yan gari muka fi kowa zumuɗi. Yau ka tambayi matashi ina gidan tarihi na titin Ali Akilu, inda aka ajiye mutum-mutumin Nok, ko Gidan Arewa inda Sardauna ya zauna, sai ya tsaya yana kallonka. Wurin da ɗan gari bai taka ba, ba zai yi kishinsa ba.

Ɗan Kabala:
Baba, na karɓi gyara. Ni kaina rabona da Gidan Arewa tun ina aji uku a sakandare. Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu zan kai yarana da safe, da yamma mu gangara Gamji da buhuna. Mai Keke, in kana da hali ka zo ka ɗauke mu, mu shida ne da yaran maƙwabcina, sai dai a yi sawu biyu.