Wai masanin tarihin manyan gidajen karkarar Ingila, me yake yi?

Ummu_Sadiq: Salam 'yan uwa, ɗana ne ya dage wai tarihin gine-gine zai karanta ya ƙware kan tsoffin gidajen masu sarauta na karkarar Ingila, irin su Chatsworth. Don Allah akwai abin yi a ciki kuwa?

Malam_Bk: Akwai hajiya, amma hanyar da tsawo. Yawanci sai an yi digiri na biyu, makarantar tarihin fasaha ta Courtauld a Landan ta yi suna a nan, daga nan wasu su shiga National Trust, ƙungiyar adana wuraren tarihi da aka kafa 1895 wadda ke riƙe da gidaje da yawa, wasu su shiga Historic England, hukumar gwamnati mai kula da gine-ginen tarihi, su tantance ginin da ya cancanci kariya.

Zee_zee: Aikin ba zama bane wlh, za ka gan shi a ɗakin ajiyar takardu yana bin rasit ɗin birkiloli da wasiƙun magina, gobe yana saman rufi da tocila yana duba katako don gane shekarun gini. Bayan yaƙin duniya na biyu an rushe ɗaruruwan gidajen nan saboda harajin gado da tsadar gyara, masana irin haka suka tashi tsaye, har aka yi baje koli kan rushe gidajen a gidan tarihi na Victoria and Albert (V&A) da ke Landan a 1974.

Ummu_Sadiq: Na gode sosai, Allah ya saka da alheri. Albashin fa?

Malam_Bk: Ba yawa gaskiya, sai mai so.