Uwar ɗalibata ta kawo min atamfa: in riƙe ko in mayar?

Malamar Lissafi, Kano:
Assalamu alaikum. Ina koyar da lissafi a wata sakandaren 'yan mata ta gwamnati. Akwai wata yarinya a SS2 da ta zo mana ko jadawalin sau bakwai ba ta riƙe ba, sai na riƙa zaunar da ita bayan an tashi, kafin mai adaidaita sahun da ke kwasarsu ya iso. Zangon da ya wuce ta haye, har ta wuce wasu da ake ji da su. Shekaranjiya sai ga mahaifiyarta har gida da turmin atamfa da 'yar robar man shanu, tana godiya har da ƙwalla. Mijinta ya rasu, ƙosai take soyawa a bakin layi, kuma kowa ya san yadda turmi ya koma a Kantin Kwari. Damuwata ita ce ni zan ci gaba da ba yarinyar nan maki har ta gama SS3, kuma makin CA, wato na gwaje-gwajen cikin zango, ana tura shi WAEC. In na mayar na ci fuskar baiwar Allah, in na riƙe zuciyata ba ta kwanta ba. Atamfar na nan cikin ledarta. Don Allah a ba ni shawara.

Tsohon Hedimasta, Funtuwa:
Wa alaikumus salam, 'yata. Na fara koyarwa a 1976, shekarar da aka buɗe shirin UPE na ilimin firamare kyauta ga kowa, aka tura mu ƙauyuka da takardar Grade II. Da kaka ta yi sai ka ga ƙofar gidan malami da damin gero, ƙwan zabi, wani lokaci har ɗan akuya. Babu mai kiran wannan cin hanci, don kusan kowane gida na kawowa, kuma a bainar jama'a. Wadda ke ɓata malami ita ce kyautar mutum ɗaya da ake kawowa a ɓoye ana gobe jarrabawa. Taki ba irinta ba ce, tunda aikin ya riga ya gabata.

Amma kada ki mayar mata kai tsaye. Matar da ta tara kuɗin ƙosai ta sayi turmi, in kika maida mata gani za ta yi kin raina abin hannunta, kuma yarinyar ce za ta kwana da kunyar. Ki ci man shanun, ki aika cewa ya yi daɗi. Atamfar kuwa ki kai wa tela ya ɗinka wa yarinyar kayan Sallah, ki ce tukuicin ƙoƙarinta ne. Ki kuma shaida wa shugabar makarantarku, domin bakin ofishin malamai ba ya rufuwa.

Malamin Islamiyya, Zariya:
Baba ya yi magana. Zan ƙara da hadisin Ibnul Lutbiyya da ke cikin Bukhari da Muslim: Annabi (SAW) ya aike shi karɓo zakka, ya dawo ya ce wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka ba ni. Sai Annabi ya ce me ya hana shi zama a gidan ubansa da uwarsa, ya ga ko za a kawo masa? Malama, albashi kike karɓa a kan aikin, kuma alƙalamin maki na hannunki. Ba ɗaya kuke da malamin makarantar allo mai karɓar kuɗin Laraba ba, shi ba shi da albashi. Rashin kwanciyar zuciyarki a kan hanya yake.

Malamin Firamare, Gombe:
Allah ya gafarta Malam, zaman da take yi bayan an tashi, wa ya biya ta? Kullum ana ce mana ladan malami sai a lahira, ranar 5 ga Oktoba, ranar malamai ta duniya, a tara mu a yi jawabi a watse. Yau an samu mai godiya kuma mu ce haram? Yaya, ki ɗinka kayanki ki sa.

Mushe (malamin boko), Maraɗi:
Ni a nan ina ce wa iyaye su dakata sai sakamakon BEPC, jarrabawar gama ƙaramar sakandare a Nijar, ya fito, yaro ya bar hannuna, sannan duk abin da suka kawo ina karɓa da hannu biyu. Malama, abin da ban ji an tambaya ba: sauran 'yan ajin sun san da zuwan uwar? In sun sani, duk makin da yarinyar ta ci nan gaba atamfa za a ce ta ci mata. Ki roƙi wani malamin lissafi ya riƙa duba takardunta har ta gama.